Finjalin da Ya Dawo da Laka

Shekara goma sha biyar ke nan cif, a wannan wata na Zulƙida, da aka ɗauki maigidana daga lungunmu na unguwar Sa'alaba a Jidda aka kai shi makwancinsa. Ni ba da lamba nake riƙe shekara ba, da abin da ya faru a cikinta nake riƙe ta. Ya ga ambaliyar ranar Laraba, wadda ta zo wa Jidda ana shirin hawan Arfa, shi ne ma ya yini yana kwashe ruwa daga ɗaki da bokiti. Bai ga ta biyu ba, wadda ta biyo bayanta da shekara guda da 'yan watanni. Bai ga mata sun kama sitiyari ba. Bai ga shekarar korona ba, da aka nuna mana Harami a talabijin ba kowa sai tattabaru. Bai ga rusau ba, da ya zo ya shafe layinmu har yau ba na iya nuna wa mutum inda ƙofarmu take. Duk waɗannan ni kaɗai na gan su, kuma kowanne ya zo sai na ce a raina, da Malam yana nan me zai ce?

Sunansa Malam Iliya. Allah ya yafe mini kama sunan, don masu karatu na faɗa, tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiransa da shi ba. Dako ya yi a tashar jirgin ruwa har gadon bayansa ya gaji, sannan ya koma gadin wani sito. Ni kuwa Hajiya Dije ce, mubashira, wato mai raba shayi da gahawa a gidan biki. Ban yi boko ba, ban yi madarasa ba. Ina faɗa ne maƙwabciyata a nan unguwar Mahjar tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don ba ta fi ni iya ta ba.

Bana ban yi niyyar cewa komai ba. Sadakar shinkafa nake yi masa kowace shekara, in yi addu'a, in yi shiru. Jikata Jumana ce ta tono ni. 'Yar autata Bilkisu ce ta haife ta, shekararta goma sha huɗu, ba ta taɓa ganin kakanta ba sai a hoton iƙama, takardarmu ta izinin zama a ƙasar nan. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta faro da Hausa ta ƙarasa da Larabci, kamar mai hawa jaki ya sauka a mota.

Ta shigo mini wata Alhamis bayan la'asar da fakitin biskit a hannu, ta ce, "Sitti, yalla, ki dafa mini shayi."

Na ce, "Ke? Yau kuma da wace ƙafa kika tashi? Ina ruwan ƙanƙarar taki?"

Don yaran Jidda na yanzu sun bar shayi. Gahawa mai ƙanƙara suke sha a kofin roba da tsinke a ciki, suna tafe suna zuƙa kamar waɗanda aka sa wa ƙarin ruwa. Sai ta miƙo mini waya. Wai wani kamfanin ganyen shayi ne, ban riƙe sunansa ba, ya ga yara sun guje shi, ya ce bari ya jawo su da al'adar Turawan Ingila. Wai a can in za su sha shayi sai su tsoma biskit a ciki, su ƙirga, su ciro kafin ya karye. Ga samari da 'yan mata nan a waya suna gasa, wa zai fi daɗewa nasa bai faɗa ba, ana ihu ana tafi. Har rumfa aka kafa musu a wani babban kanti na bakin teku, ana ba su kyauta su gwada.

Na yi dariya har na yi tari. Ingila! Tun ba a haifi uban mai kamfanin ba mutanen Jidda suke tsoma shabura, busasshen burodin nan mai ƙaras-ƙaras, a shayin madara da safe. Masu shayin Kano kuwa da me suke cin burodinsu? Abin da iyayenmu suke yi don haƙori ya ƙare ko burodi ya kwana, shi aka sa wa kwat da takalmi aka dawo mana da shi, yara suna ta murna sun ga baƙo.

Amma na tashi na dafa. Jika ta nemi shayina da bakinta, ai ko da Turawa ne suka aiko ta, na gode musu. Na zuba mata ja, a finjali na gilashi, yadda na saba. Biskit ɗin ya fi bakin finjalin faɗi, sai ta karya shi biyu, ta tsoma, tana ƙirgawa da Larabci. Ta kai bakwai ya sulale ya faɗa ciki. Ta yi dariya, kafaɗu na rawa, ta ɗauki cokali tana lalubo shi, shayin ya dame ya koma kamar ruwan kwata.

Hannuna ya tashi da kansa. Magana ta zo mini har bakin leɓe, irin wadda ta taɓa zuwa mini sau ɗaya. Na haɗiye ta, ta wuce da zafi kamar garwashi.

Sai na bayyana muku sana'ata, in ba haka ba za ku ce tsohuwa ce kawai mai faɗa a kan biskit. Shekara arba'in na yi ina ɗaukar tire a bukukuwan Jidda, daga tsofaffin gidajen Balad masu tagogin katako har manyan ɗakunan biki na arewa. A wurinmu shayin safe daban, shayin baƙi daban. Na safe abinci ne, a babban kofi, ka tsoma abin da ka ga dama, ba mai kallonka. Shayin baƙi kuwa fuskar gida ne. Ja ne, garau, in kin ɗaga finjali ki hango zoben hannunki ta cikinsa. Ganye ɗaya ya tsallake rariya, an mayar da tiren. Wadda ta koya mini aikin takan ɗaga kowane finjali saitin fitila kafin ya fita, in ta ga ɗigon wani abu sai ta zubar a gabanki ba ta ce uffan ba. Haka na tashi, haka na koyar da 'yan mata fiye da yadda zan iya tunawa.

Abin da na fi alfahari da shi kuma ba zubawar ba ne, karatun tiren da ya dawo ne. Ni da ban san baƙi ko ɗaya ba, finjali nake karantawa. Wadda ta bar sukari a ƙasa ba ta juya ba, likita ya hana ta amma tana jin kunyar faɗa. Wadda ta kurɓa sau ɗaya ta ture, ga shi kuwa da na'ana'a, ƙaramin ciki gare ta, ko mijinta bai sani ba tukuna. Wadda ta mayar da shi cike ya huce, da ita da uwar amarya akwai magana. Sau nawa na raɗa wa uwar biki, je ki zauna kusa da wance, ranta a ɓace yake, ta je ta tarar haka ne? Har cewa ake yi Dije tana da aljanu. Ba ni da kowa, ido ne kawai.

To ku riƙe wannan, ku ji yadda mai idon ta makance a cikin ɗakinta.

Bayan ambaliyar da 'yan watanni aka zo neman auren Bilkisu. Yaron, Usama, mutumin kirki ne, har yau ban ga aibunsa ba. Hausawa ne kamar mu, amma kakanninsu tun zamanin raƙuma suka zo, suna da takardar 'yan ƙasa. Mu kuwa iƙama ce da kafili, ɗan ƙasar da ke tsaya mana, kowace shekara gaba na faɗuwa. Ba su taɓa nuna mana wani bambanci ba. Ni ce na ɗauke shi na aza a kaina. Na ce tun da ba mu da takarda, ba mu da bene, to za su ga tsari, za su koma gida su ce ba su taɓa shan shayi irin na gidan nan ba. Kwana uku ina wanke finjalai masu bakin zinariya waɗanda ko Malam ban taɓa ba shi ya sha a ciki ba.

Gidanmu ɗaki biyu ne da ɗan siririn wuri a tsakani, inda madafa take. Maza a ɗakin gaba, mata a na ciki. Ni da Bilkisu muna madafa, in na shirya tiren maza sai Malam ya zo bakin labule ya karɓa, in sun gama ya dawo da shi. Zagayen farko ya tafi. Da tiren ya dawo na duba, kamar yadda na saba. Biyar garau. Na shida da laka a gindinsa, biskit ya narke ya kwanta, har gefen gilashin ya yi dama-dama.

Na ce wane ne wannan a cikin surukai? Da zagaye na biyu ya shiga na ɗan ɗaga labule. Sai na ga Malam. Uban yaro yana magana a kan sadaki da ranar ɗaurin aure, shi kuwa ya tsoma biskit a finjalin zinariya ya bar shi, ya bar shi, ya bar shi, har ya faɗa. Sannan ya sa cokali yana kwasowa kaɗan-kaɗan, yana kai wa baki, yana runtse ido yana haɗiya. Baffan yaron ya dube shi ya kau da kai.

Da ya kawo tiren bakin labule na riƙe hannun rigarsa. Ban ɗaga murya ba, mubashira ba ta ɗaga murya. A hankali na faɗa, kuma ga abin da na faɗa, ban rage ko kalma ba:

"Shekara talatin da biyar ina goge ka, ashe ɗan dako ɗan dako ne. In ba za ka iya ci irin na mutane ba, kada ka ƙara ci a gaban mutane."

Bilkisu tana tsaye da butar shayi a hannu. Uwar yaron kuma, Hajiya Maryam, ashe ta fito za ta yi alwala, tana bayana ban gan ta ba. Malam bai dube ni sosai ba. Bilkisu ya duba, ya ɗan girgiza mata kai. Sannan ya ce, "Halas, Hajiya. An gama." Ya koma wurin baƙinsa.

Na ɗauka girgiza kan nan ƙarata yake kai wa 'yarsa. Ashe cewa yake, kada ki faɗa.

Wata biyu kafin ranar, ashe, ya ɗauki Bilkisu sun je asibiti, don ita ce mai karanta takarda a gidan. Likita ya gaya musu wani abu ya tsiro masa a maƙogwaro, hanyar abinci tana tsukewa, a fara magani yanzu-yanzu. Malam ya ce sai bayan biki. Yana tsoron in aka ji za a ɗaga auren, in aka ɗaga kuma ba a san abin da zai biyo baya ba, shi kuwa yana so ya ba da auren autarsa yana tsaye da ƙafafunsa. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har ni. Musamman ni, in ji shi, don Hajiya in ta sani duk Sa'alaba za su karanta a fuskarta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka yake yawan cewa, kuma da shi ya tafi.

Alamu kuwa duk sun zo gabana a tire. Ya bar nama, na ce haƙori ne. Ya koma neman kunu da rana tsaka, na ce tsufa ya zo da shagwaɓa. Kowace loma sai ya bi ta da ruwa, na ce ya koyi sabon salo. Ranar surukai kuma ba zai iya ƙin cin abin da aka ajiye ba, don in maigida bai taɓa ba baƙo ba ya sakewa, busasshe kuwa ba zai wuce masa ba. Yaran da na gani a wayar Jumana suna tsomawa su ciro da sauri, don daɗi suke nema. Wanda ya bar shi har ya narke, ba daɗi yake nema ba, hanya yake nema. Da baƙuwa ce ta dawo mini da wannan finjalin a gidan biki, wallahi kafin ta sa mayafi na gane ba ta da lafiya. Amma nawa ne, sai ban ga ciwo ba, kunyata kawai na gani.

Kuma ya bi maganata. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Daga ranar bai ƙara ci a gaban kowa ba. In na zuba masa sai ya ɗauki kwanonsa ya hau saman soro. Na ce fushi yake, bari in ga iyakarsa, ni ba zan hau in lallashi ƙato a kan gaskiyata ba. Kwanon yana dawowa a wanke tas, na ce to ai yana ci. Kyanwoyin Sa'alaba ne suka yi ƙiba a wannan shekarar. Yana ramewa ina cewa hidimar biki ce. Matakala goma sha ɗaya ce tsakanina da shi, na ƙirga su daga baya. Wata biyar ban taka ko ɗaya ba. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa.

Aka yi biki a Sha'aban, ya tsaya da ƙafafunsa kamar yadda ya so, da farar riga da ta yi masa yawa. Azumi ya shigo ya rufa masa asiri, don ba mai tambayar wanda bai ci ba da rana. Bayan ƙaramar Salla da kwana shida ya faɗi a ƙofar masallaci. A asibiti na ga likita ya dubi Bilkisu kallon wanda ya sani, ya ce mata, "Sai yanzu?" Ban iya karatu ba, amma wannan na karanta shi.

Kwana talatin da wani abu ya yi a gida bayan sun sallame mu. Wata safiya na ɗauko finjalin zinariya, na zuba shayin madara, na marmasa shabura a ciki da hannuna har ta zama kamar koko, na zauna a gefensa da cokali. Ya dubi finjalin, ya dube ni. Muryarsa ta riga ta shige, sai na sunkuya nake ji. Ya ce, "Hajiya, kin ɓata finjalin baƙi."

Na ce, "Sha dai, Malam."

Ya karɓi cokali ɗaya don kada in ji kunya. Bai wuce ba.

Mun yafi juna, kada ku ce ba mu yi ba. Na ce, "Malam, duk abin da na yi maka ka yafe mini." Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira, ni ma ki yafe mini." Amma kun ji yadda na faɗa. Duk abin da na yi. Na naɗe maganar a cikin babban zani tare da ƙananan laifuffuka, gishiri da ya yi yawa da ƙofa da na buga, na miƙa masa a dunƙule don kada in kama sunanta. Shi ya gane, ya karɓa haka. Bilkisu tana bakin ƙofa, ita ma ta gane.

Ranar uku ta zaman makoki, da mutane suka ragu, na zuba shayi na miƙa mata. Ta ce, "Na ƙoshi, Umma."

Shekara goma sha biyar ke nan tana ƙoshi. Kada wani ya zage ta, ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba. Kowace Juma'a tana gidana. Ita ke kai ni asibiti, ita ke sabunta mini takardu, da rusau ya zo ita da mijinta suka nemo mini wannan ɗakin suka kwashe kayana. Tana cin tuwona, tana shan ruwana. Amma in na ɗora buta sai ta tuna wani abu da ta bari a mota. Ni kuma ban taɓa tambaya ba. Na gaya wa kaina yarinyar nan shayi ne ya fita daga ranta gaba ɗaya tun rasuwar ubanta, na rufe maganar da wannan, na zauna a kai.

Da Malam ya ga wannan zamani, na san abin da zai yi. Zai karɓi wayar Jumana ya riƙe ta nesa da ido, ya kalli yaran nan suna gasa, ya yi dariyar nan tasa da ba ta da ƙara, kafaɗu kawai ke rawa. Zai ce, "Hajiya, ashe Bature kika aura ba ki sani ba." Ba zai ce don ya rama ba, bai iya ramuwa ba, shi ya sa zama da shi yake da wuya ga mai hali irin nawa. Zai zauna a ƙasa da jikarsa su yi ta ƙirga, nasa ya riƙa faɗawa da gangan don ta ci shi. Ba zai damu da cewa daga Ingila aka ce abin ya zo ba. Mutumin da ya yi rabin ransa yana sauke kayan jirgi ya san komai yawo yake yi a duniya, ya tafi a buhu ya dawo a kwali. Ni ce mai tambayar asalin abu da wanda ya isa ya yi shi. Yanzu ga shi abin da na kira rashin iya ci, an kafa masa rumfa a bakin teku, 'ya'yan masu takarda da 'ya'yan masu iƙama suna layi ɗaya suna jiran a ba su.

Ranar Alhamis ɗin nan, da Jumana ta ɗago ta ga fuskata, ta ajiye cokali. Ta ce, "Sitti, esh fi, mene ne? Na yi laifi?"

Na ce, "Ba ki yi ba, ƙawata. Kwaso abinki ki sha, ƙasan ya fi daɗi."

Sannan na ba ta labarin nan duka, ita ce ta fara jin sa daga bakina. Ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, rabi Hausa rabi Larabci, "Amma Sitti, Mama tana shan shayi. Kullum bayan la'asar. Ita kaɗai a madafa, ba ta son a shigo. Da shabura. Tana barin ta a ciki har ta narke, sannan ta sha da cokali. Ni na ɗauka haka take so."

An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ranar yarinya tana zaune a tabarma ta nuna mini abin da na yi shekara goma sha biyar ina kau da kai daga gare shi. Ashe ba shayi 'yata ta bari ba. Hannuna ta bari. Kuma kullum tana zama da ubanta, a ɓoye, kamar yadda na ce ya riƙa ci.

Ranar da ya cika shekara goma sha biyar na dafa shayin madara, na cika filas, na haɗa da ledar shabura daga gidan burodin da yake so, na ba Jumana ta kai wa uwarta. Na ce ba sai ta ce komai ba, za ta gane. A raina na ce na yi babban abu, ni Dije, na sauko. Kafin magariba yarinyar ta dawo da filas ɗin, da nauyinsa kamar yadda ya tafi. Ta tsaya tana murza gefen abayarta.

Na ce, "Faɗi, ba ke kika yi ba."

Ta ce, "Mama ta ce a gaishe ki, ta gode. Ta karɓi shaburar. Ta ce wai... ranar nan ba a filas kika aika wa Baba maganar ba."

Na zauna. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, na yi fushin kwana biyu, na ce ni za a koya wa magana, ni da na haife ta? A kwana na uku na ga gaskiyarta. 'Yar ubanta ce wajen haƙuri, amma 'yata ce wajen karatun tire. Ta duba abin da na aika ta ga irin na da ne, dunƙulallen zani, ba suna. Abin da baki ya ɗora, baki ne zai sauke shi.

Shi ya sa na kira maƙwabciyata da takarda. Na ce na faɗa wa yarinya, bari in faɗe ta a gaban babba, in ji ko za ta kashe ni. Na faɗa, ta rubuta, ga ni da rai. Yanzu kuma ku ma kun ji.

Malam bai bar gida ba, wanda muka zauna ma ya zama fili. Bai bar suna a tashar jirgi ba, injuna ke dako yanzu. Abin da ya bari shi ne auren da ya saya da sauran kwanakinsa, yana nan lafiya, da yarinya mai dariya da kafaɗu wadda ba ta san daga inda ta samo ba. Ya bar kuma mace guda da ta san mutum zai iya jin magana irin tawa ya ce an gama, ya kuma gama ɗin da gaske, bai ƙara tayar da ita ba har kabari.

Cikin waɗanda suka zauna a ɗakin gaba ranar, uban Usama ya rasu, baffansa ya rasu, limamin da ya yi addu'a ya koma Katsina ya rasu a can. Usama yana nan, amma bai ji komai ba, kuma na tabbata matarsa ba ta gaya masa ba. A bakin labule mu huɗu ne. Malam ya tafi. Hajiya Maryam ta tafi a shekarar korona, baiwar Allah, mun yi shekara goma muna haɗuwa a suna da biki ba ta taɓa nuna mini ko da ido cewa ta ji ba. Saura ni da Bilkisu.

Na haura saba'in, ƙafa ta fara ƙi, likita ya fara yi wa Bilkisu magana a gefe ba ni ba. In na tafi ban buɗe baki ba, ita kaɗai za ta rage da wannan magana a duniya, ba wanda za ta mayar wa. Kayana ne, ni na ɗaure shi, ba zan bar wa auta gadonsa ba. Jibi Juma'a za ta zo. Ba zan ɗora buta ba. Zan ce mata ta zauna.